Auna layi kafin a zaɓi hanya: dabaru huɗu da inda kowace take karyewa

Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku guda huɗu, wato WACS, MainOne, SAT-3 da ACE, sun lalace a tekun da ke kusa da gaɓar Kwaddibuwa. Najeriya da Gana da maƙwabtansu sun ji a jikinsu. Ba duka layukan ne suka mutu ba, sauran da suka rage sun ɗauki kaya, kuma BGP, tsarin da kamfanonin intanet ke sanar da juna hanyoyi da shi, ya samo wasu hanyoyin kamar yadda aka ƙera shi ya yi. Abin da BGP bai sani ba shi ne wace hanya ce ta cika maƙil, wace ce ke zubar da fakiti (ƙananan ƙunshin da ake yanka bayanai a cikinsu kafin a tura), wace ce ke da sarari. Shi dai yana duba manufar kamfani da yawan cibiyoyin da za a ratsa. Jinkiri da cunkoso ba sa cikin lissafinsa.

Saboda haka duk manhajar da ke da zaɓi fiye da ɗaya, ko layukan kamfanoni biyu ne, ko sabobi (kwamfutocin da ke amsa buƙatun masu amfani) a garuruwa uku, ko tashoshi, wato na'urorin da za su iya miƙa wa juna bayanai, dole ta samo wa kanta ido. Tambayar ita ce wane irin ido, kuma nawa zai ci idan tashoshin suka ƙaru daga ashirin zuwa dubu biyar.

Kafin a kwatanta dabarun, a fara tsayar da abin da manhajar ke buƙatar sani, domin yawancin kuskure daga nan yake farawa. Kiran murya yana son jinkirin tafiya ɗaya kada ya wuce milisakan 150, kamar yadda shawarar G.114 ta hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta nuna, kuma yana son jinkirin ya zama mai daidaito, ba yana hawa yana sauka ba. Tura babban fayil kuwa asarar fakiti ce ke kashe shi. Ɗauki lissafin Mathis na saurin TCP irin na gargajiya (TCP shi ne tsarin da ke tura bayanai yana sake aika abin da ya ɓace): girman fakiti a raba da lokacin zuwa da dawowa, a ninka da 1.22, a raba da tushen murabba'in yawan asara. Fakiti mai bayit 1460 a hanya mai milisakan 100 da asarar kashi 1 cikin ɗari ba zai wuce megabit 1.4 a sakan ba. Hanya mai milisakan 150 da asarar fakiti ɗaya cikin dubu goma za ta ba da kusan megabit 9.5. Wanda ya auna jinkiri kaɗai zai zaɓi ta farko, ya yi asarar kusan ninki bakwai. Sabbin hanyoyin sarrafa saurin TCP, irin CUBIC da BBR, sun fi jure asara, amma tarkon yana nan.

Dabara ta farko: kowa ya ƙwanƙwasa wa kowa

Wannan ita ce mafi sauƙin fahimta. Kowace tasha tana aika ƙaramin fakitin gwaji ga kowace tasha, ta auna lokacin dawowarsa, ta ƙirga waɗanda suka ɓace. Tsarin RON da David Andersen da abokan aikinsa suka gabatar daga jami'ar MIT a 2001 shi ne misalin da kowa ke komawa gare shi. Tashoshinsa suna gwada juna kusan kowane sakan 12, idan fakiti ya ɓace sai su bi shi da wasu da sauri don tabbatarwa, kuma sun iya gano mutuwar hanya su kauce mata cikin ƙasa da sakan 20 a matsakaici. Sun kuma nuna cewa a mafi yawan lokuta ratsa tasha ɗaya tak a tsakiya ya isa a kauce wa matsalar. A kwatanta wannan da BGP, wanda lokacin da yake jira kafin ya ɗauka maƙwabcinsa ya mutu sakan 90 ne a shawarar RFC 4271 (RFC takardun ƙa'idojin intanet ne), kuma 180 ne a saitin asali na na'urorin Cisco.

Ƙarfin wannan dabara shi ne babu zato a cikinta. Abin da ka auna shi ne hanyar da kanta, a wannan lokacin. Rauninta kuma lissafi ne tsantsa. Tashoshi 20 suna da hanyoyi 380 idan an ƙirga zuwa daban, dawowa daban. Tashoshi 50 suna da 2,450. Tashoshi 500 suna da 249,500. Tashoshi 5,000 sun kusa miliyan 25.

Mutane da yawa suna ɗauka fakitin gwajin ne ke cinye layin. Ba su ba ne. A tashoshi 500, idan kowace tana aika fakiti mai bayit 100 ga sauran duk bayan sakan 10, abin da ke fita daga gare ta kusan kilobit 40 ne a sakan, sai amsoshin da take mayarwa su ƙara kwatankwacin haka. Wannan ba komai ba ne. Abin da ke karya tsarin shi ne rarraba sakamakon. Idan kowace tasha za ta zaɓi wadda za ta ratsa, tana buƙatar cikakken jadawalin kowa da kowa. Layi 249,500, kowane mai bayit 16, ya kai megabayit 4. A tura wa kowace tasha wannan duk sakan 10, an ɗora mata fiye da megabit 3 a sakan na labarin hanya kawai. Shi ya sa RON ya tsaya a wajen tashoshi 50, kuma marubutansa sun faɗi haka da bakinsu.

Akwai hanyoyin rage nauyin. Microsoft a tsarinta na Pingmesh, wanda ta bayyana a 2015, ba ta sa kowace saba ta gwada kowace saba ba. An kasa aikin hawa-hawa: cikakken gwaji tsakanin sabobin da ke ƙarƙashin sauya-layi ɗaya (na'urar da ke haɗa su), sannan wakilai tsakanin rukunoni, sannan wakilai tsakanin cibiyoyin bayanai, a tara sakamakon a wuri ɗaya. Wani bincike na Krishna Gummadi da abokansa a 2004 ya nuna abu mai sauƙi fiye da haka: idan hanya ta mutu, a zaɓi tashoshi huɗu da ka, a gwada ratsa su a lokaci guda, a bi wadda ta fara amsawa. Babu jadawali ko kaɗan, kuma ya kama mafi yawan amfanin da ake iya samu.

Kayan aikin da za a yi gwajin da shi ma yana da tasiri sosai. Ping na yau da kullum ICMP yake amfani da shi, wato saƙonnin gwaji da na sanar da matsala, kuma rautoci (na'urorin da ke miƙa fakiti daga cibiya zuwa cibiya) da yawa suna taƙaita yawan amsar ICMP ko su sa ta a ƙarshen layi, sai ka ga jinkiri ko asarar da bayanan gaskiya ba sa fuskanta. TWAMP, wanda RFC 5357 ta 2008 ta tsara, ya fi dacewa: fakitin UDP ne, irin na bayanan yau da kullum wanda ba a sake aikawa idan ya ɓace, kuma mai amsawa yana buga lokacin karɓa da lokacin mayarwa, sai a cire lokacin da ya ɓata a cikinsa. Idan ana son jinkirin zuwa daban da na dawowa, sai OWAMP, amma wannan sai agogunan ɓangarorin biyu sun daidaita, kuma kuskuren milisakan kaɗan na NTP, tsarin daidaita agogo ta intanet, yana iya haɗiye abin da ake nema a gajeriyar hanya. Idan tambayar kawai ita ce layin na raye ko ya mutu, BFD, tsarin gaisuwa mai sauri tsakanin na'urori biyu, ya wadatar: fakiti duk milisakan 300, uku suka ɓace a jere, a yanke hukunci cikin milisakan 900.

Matsala biyu suna cin mutane a nan. Ta farko, manyan cibiyoyi suna raba kaya a kan layuka masu daraja ɗaya ta hanyar duba adireshi da lambar kofa (port, lambar da ke bambanta haɗuwa da haɗuwa a na'ura ɗaya) na ɓangarorin biyu. Fakitin gwajinka mai lambar kofa ɗaya zai riƙa bin layi ɗaya cikin huɗu ko takwas, alhali lalataccen yana gefe. Maganin shi ne a riƙa juya lambar kofar fita a cikin jeri na 8 zuwa 16, a ajiye sakamakon kowace daban, kuma a sa wa fakitin alamar DSCP, wato alamar fifikon fakiti, irin ta bayanan gaskiya. Ta biyu, auna asara yana son yawa. Don ganin asarar kashi 1 cikin ɗari da wani tabbaci ana buƙatar ɗaruruwan fakiti. A fakiti ɗaya duk sakan 10, fakiti 100 kaɗai sai an yi kusan minti 17. Gwajin da ke saurin gano mutuwar layi makaho ne wajen ƙaramar asara, kuma ƙaramar asarar ce ta karya saurin TCP a lissafin da ya gabata.

Dabara ta biyu: saurari bayanan da ke tafiya

Direban da zai tashi daga tasha ba ya tura yaro ya dubo masa hanya, waɗanda suka iso yanzu yake tambaya. Kowace haɗuwar TCP tana auna lokacin zuwa da dawowa da yawan sake aikawa don amfanin kanta. A Linux umarnin ss -ti yana nuna su, manhaja kuma tana iya karanta su ta TCP_INFO: matsakaicin jinkiri, mafi ƙarancinsa, fakitin da aka sake turawa, da saurin isarwa. Ba a ƙara ko bayit ɗaya a layi ba, samfurin yana da yawan da gwaji ba zai taɓa kaiwa ba, kuma nauyin yana girma da yawan masu amfani ne, ba da ninkin tashoshi ba. Saba mai haɗuwa dubu a minti tana ganin asarar kashi 1 cikin ɗari cikin sakanni.

Gurguwar ƙafarta a fili take: tana ganin hanyar da ake bi ne kawai. Hanyar ajiya, wadda kake son sanin lafiyarta kafin ka koma kanta, shiru take. Facebook ta warware wannan a tsarin Edge Fabric da ta bayyana a 2017: ana ɗibar ƙaramin kaso na haɗuwar masu amfani, a sa musu alama, a bi da su ta hanya ta biyu ko ta uku, sai a auna su da ma'auni ɗaya da na hanya ta farko. Mai sarrafa tsarin yana sake lissafi duk sakan 30, yana haɗa labarin hanyoyi daga BGP da yawan kayan da ke kan kowace kofa. A ganinmu wannan ce dabara mafi inganci ga duk mai isassun masu amfani. Ko kashi 1 zuwa 2 cikin ɗari aka karkatar ya isa, muddin adadin haɗuwar da ke faɗawa kowace hanya a kowane zagaye ya kai ɗaruruwa.

Sai dai akwai sharuɗɗa. Lambobin suna gauraye da halin na'urar mai amfani: wayar da ke kan raunin sigina ko Wi-Fi mai cunkoso za ta nuna jinkirin da ba na hanyar ba ne. Don haka a tara sakamako bisa rukunin adireshi ko bisa kamfanin sadarwa, a jera sakamakon daga ƙarami zuwa babba, a ɗauki na tsakiyar jerin da wanda kashi 90 cikin ɗari ke ƙasa da shi, kada a ɗauki matsakaicin da ake samu ta tarawa a raba, domin mutum ɗaya mai mummunan layi yana iya jan matsakaicin gaba ɗaya. Da dare, idan masu amfani suka ragu, samfurin yana ƙarewa, dole a cike gurbin da fakitin gwaji. Sannan QUIC, sabon tsarin tura bayanai a madadin TCP, wanda RFC 9000 ta 2021 ta tsara, yana rufe lambobin jerin fakiti da amsoshinsu, don haka na'urar da ke sauraro a tsakiyar hanya ba ta ganin abin da take gani a TCP. Dole awon ya koma cikin manhajar ko sabar.

Dabara ta uku: lambobin matsayi

A nan ana ba kowace tasha wuri a wata taswirar lissafi, ta yadda nisan da ke tsakanin wurare biyu zai yi daidai da jinkirin da ke tsakanin tashoshin. GNP na Eugene Ng da Hui Zhang ya yi haka a 2002 da wasu tsayayyun tashoshi a matsayin turaku. Vivaldi, daga MIT a 2004, ya cire turakun: kowace tasha tana auna 'yan maƙwabta kaɗan, idan hasashenta ya zarce abin da ta auna sai ta matso, idan ya gaza sai ta ja baya, kamar an ɗaure su da sifirin. An ƙara wata lamba da ake kira tsayi don ta ɗauki jinkirin layin ƙarshe na kowace tasha. Manhajar Consul ta kamfanin HashiCorp tana amfani da wannan, da taswira mai fuskoki 8, kuma umarnin consul rtt yana ba da hasashen jinkiri tsakanin tashoshi biyu ko da ba su taɓa gaisawa ba.

Ta fuskar girma babu wadda ta kama ƙafarta. Kowace tasha tana riƙe lambobi kamar goma, nauyin gwajinta ba ya ƙaruwa ko tashoshi sun kai dubu goma. Amma jinkiri kaɗai take hasashe, ba ta san asara ko faɗin layi ba, kuma ba ta saurin gane mutuwar hanya.

Akwai aibi mafi zurfi, wanda ya shafi zaɓin hanya kai tsaye. A taswirar lissafi, tafiya kai tsaye daga A zuwa C ba ta taɓa fin ratsa B tsawo ba. A intanet tana fi. Haske a cikin wayar gilashi yana cin kusan kilomita 200 a milisakan ɗaya, don haka garuruwa biyu masu tazarar kilomita 1,000 bai kamata zuwa da dawowa ya wuce milisakan 10 zuwa 20 ba. Amma idan kamfanoninsu ba sa musayar bayanai a wata mahaɗa ta kusa, irin IXPN ta Legas, fakitin yana iya zuwa Landan ya dawo, jinkirin ya haura milisakan 200, alhali akwai tasha ta uku da ke kusa da kowannensu. Irin wannan wuri shi ne ainihin inda ratsa wata tasha ke da riba, kuma shi ne ainihin abin da taswirar ba ta iya zanawa. Sai ta raba kuskuren a kan kowa. Saboda haka lambobin matsayi sun dace da tace sabobi 2,000 zuwa 5 mafiya kusa, daga nan a auna biyar ɗin da gaske. Ba su dace a ɗora musu hukuncin ƙarshe ba.

Dabara ta huɗu: taswirar da wani ya zana

Maimakon kowace manhaja ta auna wa kanta, wata cibiya ta auna, sauran su tambaye ta. iPlane na jami'ar Washington ya yi haka a 2006 ta hanyar haɗa guntayen traceroute, awon da ke jera rautocin da fakiti ya ratsa, don hasashen hanyar da ba a auna ba. RIPE Atlas, da aka fara a 2010, yana da ƙananan na'urori fiye da dubu goma a duniya da za a iya sa su yin awo, amma sun fi yawa a Turai, kuma ganinsa a cibiyoyin Afirka ta Yamma bai kai haka ba. ALTO, a RFC 7285 ta 2014, ya tsara yadda kamfanin intanet zai ba manhaja taswirar rukunonin adireshi da tsadar tafiya tsakaninsu, sai dai kamfanoni kaɗan ne suka buɗe shi ga jama'a. Duk waɗannan suna da amfani wajen tsara inda za a ajiye saba ko wane kamfani za a sayi layi a wurinsa. Labarinsu na mintoci ne ko sa'o'i, ba na sakan ba.

To wace za a ɗauka?

Ofis ko asibiti ko banki mai rassa ƙasa da 50, kowane reshe da layuka biyu ko uku, misali waya ta ƙasa da 4G da tauraron ɗan'adam: a yi cikakken gwaji, TWAMP ko makamancinsa duk sakan ɗaya a kan kowane layi, da BFD don mutuwar layi. Idan rassan da hedikwata kawai suke magana, to hanyoyin da za a auna rassa sau layuka ne, ba ninkin rassa ba, lissafin ya sauƙaƙa ƙwarai. A tuna tauraron da ke tsaye a samaniya yana da jinkirin zuwa da dawowa na kusan milisakan 600 ko da lafiyarsa ƙalau, don haka kowane layi a ba shi nasa ma'aunin ƙararrawa.

Mai sabobi da dubban masu amfani: sauraro shi ne ginshiƙi, a karkatar da ɗan kaso zuwa hanyoyin ajiya, a riƙe gwaji mara nauyi don lokacin da babu kaya. Mai dubban tashoshi da ke magana da juna: lambobin matsayi don tacewa, gwaji kai tsaye ga 'yan kaɗan ɗin da suka rage, da zaɓin huɗu da ka idan hanya ta mutu.

Idan manhajar a wayar hannu take, a yi hattara ƙwarai. Fakiti mai bayit 100 zuwa sabobi 5 duk sakan, da amsarsa, ya kai megabayit 86 a rana, kusan gigabayit 2.6 a wata, daga datar da mai wayar ya saya da kuɗinsa, ga kuma batir da rediyon wayar zai sha don ba a bar shi ya huta ba. Ba daidai ba ne a ɗora wa mutum wannan bai sani ba. Abin da ya dace shi ne tsere a lokacin haɗuwa, irin na RFC 8305: a fara da saba ta farko, bayan milisakan 250 ba amsa a fara ta biyu, a riƙe wadda ta riga, a ajiye sakamakon na 'yan mintoci bisa cibiyar da wayar ke kai.

Duk dabarar da aka ɗauka, akwai cutar da ba ta bar kowa ba, wato lilo. Kowa ya ga hanya B ta fi, kowa ya koma kanta, ta cika, A ta zama fanko, kowa ya dawo. ARPANET, cibiyar da ta gabaci intanet, ta sha wannan a shekarun 1980 lokacin da take zaɓar hanya bisa jinkiri, har aka sake fasalin ma'aunin. Kariyar ita ce a lallaɓa awon kamar yadda TCP ke yi, sabon samfuri ya ɗauki kashi ɗaya cikin takwas na nauyi. Kada a sauya hanya sai sabuwar ta fi da tazara mai ma'ana, misali kashi 20 cikin ɗari kuma aƙalla milisakan 10, a zagaye uku a jere. Bayan an sauya a zauna aƙalla minti ɗaya, sai dai idan layin ya mutu gaba ɗaya. A matsar da kaya kashi-kashi, goma cikin ɗari a kowane mataki, ana kallon yadda sabuwar hanyar ke ɗauka. Idan masu yanke hukuncin suna da yawa kuma ba sa jin juna, kowane ya ɗauki hanyoyi biyu da ka ya bi wadda ta fi a cikinsu, ya kuma ƙara ɗan bambanci a agogonsa don kada su motsa a sakan ɗaya.

Abu na ƙarshe da awo ba ya nunawa sai ranar da aka shiga uku: layuka biyu daga kamfanoni biyu suna iya kwana a rami ɗaya ko su hau kebul ɗin teku ɗaya. A nemi kowane kamfani ya rubuta ta inda wayarsa ta bi da kebul ɗin da yake hawa, a adana traceroute na kowane layi sau ɗaya a awa, a kuma duba tarihin awo: layukan da jinkirinsu ke tashi a minti ɗaya sau da yawa, a lissafa su a matsayin hanya ɗaya a cikin jadawalin manhajar.